Koren Mutumin Katako

Ƙanena kafinta ne, kuma tun yana yaro ciwonsa guda: in ya furta magana, ko rami za ta kai shi sai ya bi ta. Mahaifinmu ya sha gaya masa cewa magana zarar bunu ce, shi kuwa ya riƙe wannan da hannu biyu. Ya taɓa cewa ba zai ƙara shan ruwa a gidan wani abokinsa ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan, sun daɗe da shiryawa, amma har yau in zai je can da gorar ruwansa yake zuwa. Hali zanen dutse.

'Yarsa ɗaya tilo, muna kiranta Nas saboda aikin jinya ta karanta. Shekara shida da suka wuce aiki ya ɗauke ta da mijinta zuwa wani birni can ƙarshen Asiya, wanda aka ce shi kaɗai ƙasa ne sukutum. Tsibiri ne, wai in ka yi tafiyar awa guda a mota ba ka taka birki ba, sai teku. Tun da ta tafi uban bai sa ta a ido ba sai ta waya. Da ta haifi 'ya mace, sai ta aiko da tikiti biyu, na uba da na uwa, su je su ga jikarsu, su kuma yi mako biyu suna kallon gari. Saura wata biyu tafiya.

Ranar da aka fara tsara yawon, ina shagonsa. An jingina waya a jikin gwangwanin ƙusa, Nas tana ciki da takarda a hannu, Maman Nas ta jawo kujera kusa, ni ina gefe kan benci.

"Ranar farko hutu," in ji Nas. "Rana ta biyu za mu hau jirgin ƙasa marar direba, mu je lambun da ke kan rufin bene."

"Marar direba," in ji uban. "To in ya yi laifi wa ake zagi?"

"Ba ya laifi, Baba. Rana ta uku gidan kifi, inda za ku bi ta ƙarƙashin ruwa kifaye suna wucewa ta kanku."

Maman Nas ta ce, "Ni dai a sa min kasuwar yadi. Kifi na gan shi a tukunya."

Ana cikin haka ƙanena ya tashi zai ci gaba da aiki, don ba ya iya zama hannu sake. Ya tofa yawu a tafin hannunsa, ya murza, ya ɗauki zarto. Sannan ya yi kaki, ya juya ya tofar ta taga, kamar yadda yake yi shekara arba'in.

Nas ta yi dariya. "Baba, wannan fa a nan laifi ne. Tofar da yawu, yar da shara, tsallaka titi ba a kan layi ba. Wani ma riga mai ruwan ɗorawa ake sa masa ya share titi mutane suna kallo. Ka taimake ni, kar abokan aikina su ganka da tsintsiya a ƙofar asibitinmu."

Wasa take yi, kowa ya ji wasa take yi. Uban ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya ajiye zarton, ya goge hannunsa a wando, ya tsaya yana kallon tafin hannun kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

Da an bar shi haka, da ya huce. Amma akwai mai aski a maƙwabta, wanda bai taɓa wuce tashar mota ba, amma babu ƙasar da bai san dokarta ba. Dokin mai baki ya fi gudu. Washegari ya zo da nasa ƙarin.

"Ai garin nan, Kafinta, ko atishawa sai da dalili. In ka shiga bayi ba ka kora ruwa ba, ƙofar ba ta buɗewa. An ce wani mutum ya kwana biyu a ciki."

"Wa ya gaya maka?" na tambaye shi.

"Wani da na yi wa aski."

"Ya je?"

"Surukinsa ya kusa zuwa."

Ƙanena ya sa Nas ta aiko masa da dokokin a rubuce, ya haɗa da na mai aski, ya kwafe su da fensirin aikinsa a jikin falankin katako, ya kafa a ƙofar gida. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Na yarda da shi, don gaskiya ce. Abin da ban sani ba shi ne, gorar da zai fafe gidansa ne gaba ɗaya.

Cikin mako guda ya mai da tsakar gida birnin. Ya zana layukan tsallaka titi da farin fenti tsakanin ɗaki da kicin. Ya kafa shingen bin layi a ƙofar bayi, mai lanƙwasa uku, wanda ko kai kaɗai ne sai ka zaga shi kaf kafin ka shiga. Ya cire ƙofar shago ya sa mai zamewa, ya ce ita ce ƙofar jirgin ƙasa: masu fita su fara fita, kuma ba a cin komai a ciki. Daga ƙarshe ya yanko allo zagayayye, ya zana jan mutum a tsaye a fuska ɗaya, koren mutum yana tafiya a ɗayar, ya kafa shi kan sanda mai juyawa a bakin layukan.

Sannan ya zo gidana da safe, ya durƙusa.

"Yaya, kai za ka zama hukuma."

Shekara talatin da biyu na yi ina gadin ƙofar wani kamfani. Ban taɓa barin mota ta shiga ba takarda ba, ko ta manaja ce. Ya san haka, shi ya sa ya zo. Na ce masa wannan aikin wofi ne, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kai kuwa ka bushe har ka fara gara. Ya ce shi dai ba zai sa 'yarsa ta sunkuyar da kai a gaban baƙin ido ba. Na karɓi aikin. Ɗan'uwa rabin jiki ne, ko da rabin da ke ciwo ne.

Watan farko na koyo ne. Ina zaune kan kujera kusa da sandar, da tsohon usur ɗina na gadi a wuya, ina juya allon. Duk wanda ya karya doka, ya sa riga mai ruwan ɗorawa da Maman Nas ta ɗinka, ya share titin ƙofar gida daga kwata zuwa kwata. A makon farko ƙanena ya yi shara sau goma sha tara. Titinmu ya yi fes har mutanen wasu layuka suka fara zuwa kallo. Wata mata ta kawo 'ya'yanta aka ɗauke su hoto a kan layukan fenti. Mai aski ya riƙa zagawa da baƙi yana yi musu bayani, kamar shi ya gina.

Maman Nas ce ta fi shan wuya. Za ta fito daga kicin da tukunya mai zafi, ta tarar da jan mutum.

"Yaya, juya min shi. Hannuna na ƙonewa."

"Saura ƙidaya goma."

"Wace motar ce za ta buge ni a tsakar gidana? Turmi?"

"Ni dai an ba ni aiki."

Ta tsallaka. Na busa usur. Ta ajiye tukunyar, ta dube ni, ta dubi mijinta, ta ce duk wanda ya isa ya zo ya sa mata rigar da ta ɗinka da hannunta. Babu wanda ya isa. Ƙanena ya sa rigar ya yi sharar a madadinta, ya ce a can ma ai miji ne zai ji kunya.

Kajinta kuwa ba su san doka ba. Zakaran ya fi kowa laifi, yana tsallakawa a kan ja, yana ɓata layi. Bayan gargaɗi uku ƙanena ya yanke masa hukuncin kora daga ƙasa, aka miƙa shi gidan mai aski ta kan katanga. Kullum da safe sai ya hau katangar ya yi cara yana kallon tsohuwar ƙasarsa.

Ni ma ban tsira ba. Wata rana na yar da tsinken sakace, ban ma san na yar ba. Ƙanena ya ɗauko shi da yatsa biyu, ya kawo min har gabana. Na sa rigar. Wanda ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Da wata ya cika, saura kwana talatin cif, ya tara mu a tsakar gida, ni da matarsa da mai aski.

"Koyo ya ƙare. Daga yau har in sa ƙafata a cikin jirgi, in na karya doka ko guda ɗaya, a gida ko a waje, na fasa tafiyar. Maman Nas ta tafi ita kaɗai."

Matar ta dafe ƙirji. "Baban Nas, janye wannan maganar."

"Ta fita."

Na ce masa, "Kai, shekara shida ba ka ga yarinyar nan ba. Jikarka ba ta san ƙamshinka ba. A kan tofin yawu za ka sa wannan a caca?"

"In ban iya kwana talatin a gidana ba, Yaya, ta yaya zan iya kwana goma sha huɗu a gidan mutane?"

Mun san shi. Da wani ne, da mun ce zafin baki ne. Shi wannan zai zauna a shago ya ji ƙarar jirgin yana wucewa ta kansa, ba zai motsa ba.

Ba zan ɓoye ba, ya ba ni mamaki. Ya daina kaki. Ya koma jiƙa tafin hannu da soso a cikin kofi. Ya ɗinka aljihu na musamman don ɓawon gyaɗa da kan ƙusa. In hanya ta kai shi inda babu layin tsallakawa, sai ya fasa zuwa, har ya daina sayen katako a tsallaken titi, ya koma wa wani mai tsada a gefenmu. Ya rame, ya yi shiru, amma kullum da yamma yana jan layi guda a jikin falanki da fensiri. Na zuba masa ido kamar shaho, don in na ga laifi ba zan iya ɓoyewa ba, shi ma ya sani. Kwana ashirin da tara ban busa usur ba.

Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi.

Ranar tafiya, jirgi na ƙarfe ɗaya ne na rana, an ce su isa kafin sha ɗaya. Babban titin da ke bakin unguwarmu mai hannu biyu ne, da dakalin siminti a tsakiya, kuma hanyar filin jirgi a wancan hannun take. Direban da muka kira ya bugo waya ya ce yana tsallake. Wata tirela ta lalace a shataletale, hannunmu ya cushe, in ya ce zai zagayo sai ya ci awa guda da rabi. Mu tsallako kawai.

Muka fito da akwatuna. Mai aski ya ɗauki ɗaya a ka, Maman Nas ta riƙe jakarta, suka kutsa tsakanin motoci kamar yadda kowa ke yi, suka haye. Na sa ƙafa zan bi su, sai na ji babu kowa a bayana.

Yana tsaye a bakin titi, cikin sababbin kaya, ya ɗaga kai yana kallon fitilar tsallakawa. Akwai ta a wurin, an kafa ta tun ina aiki. Layukan ma suna nan, sun koɗe kamar haƙarƙarin tsohuwar akuya. Amma fitilar ta mutu shekara tara da suka wuce, har tsuntsu ya yi sheƙa a cikinta.

"Mu je," na ce.

"Bai nuna kore ba."

"Ba zai nuna ba. Ya mutu."

"To bai nuna ba ke nan."

Daga tsallake Maman Nas ta ɗaga murya. "Baban Nas, ƙarfe goma ta wuce."

Ya ɗaga mata hannu, alamar ta yi haƙuri. Na dubi fuskarsa. Gumi na bin wuyansa, idonsa ya kaɗa. Ba taurin kai yake yi don jin daɗi ba. Ya ɗaure kansa da igiyar da shi ma ba ya iya kwancewa.

Na ce, "Ni ne hukuma. Na yafe."

"Hukuma ba ta yafe laifin da ba a yi ba tukuna, Yaya. Kai ka koya min."

Mai aski ya dawo da gudu da shawara: a ɗauke shi a kafaɗa, tunda ba ƙafarsa ce ta taka ba. Ƙanena ya ce kaya ne shi? Wani mai sayar da lemo ya ce a rufe masa ido. Wani ya ce akwai gadar sama a gaba, tafiyar minti arba'in. Mutane suka fara taruwa. Direba yana ta danna hon. Maman Nas ta zauna kan akwati a tsallake, ta sa fuska cikin mayafi.

"Ka tafi ka raka ta filin jirgi," ƙanena ya ce min a hankali. "Ka ce wa Nas ta nuna min yarinyar a waya."

Ni mutum ne da ban taɓa gudu a titi ba tun da na yi aure. Babba ba ya gudu, ko ruwa ake yi. Ranar na yi abin da ya fi kama da gudu. Na koma gidan, na kama sandar allon nan, na girgiza ta har na tumɓuke ta da ƙasarta, na saɓa a kafaɗa. Usur yana wuyana, don na saba. Rigar sharar tana rataye a ƙusa, na fizgo ta na zura a kan kayana na fita kunya. Haka na ratso unguwa, mata suna leƙe ta taga, da furfurata da komai.

Na kafa sandar a gindin matacciyar fitila, na juya masa koren.

Ya duba. Ya girgiza kai. "Ba a farawa da kore."

Na haɗiye abin da ya zo bakina. Na juya ja.

Abin da ya faru daga nan, da ba a gabana aka yi ba da na ƙaryata. Mutanen da suka taru, waɗanda tun haihuwarsu ba su taɓa jiran komai ba kafin su tsallaka titi, duk suka tsaya. Mai lemo ya tsaya. Wata mata da ta riga ta sa ƙafa ta janye. Mutum kusan talatin suka jeru a bayan ƙanena suna kallon jan mutumin katako. Na ƙirga ashirin a bayyane, suna taya ni.

Sannan na miƙa wa mai aski sandar, na shiga tsakiyar titi, na ɗaga tafin hannu, na busa usur irin busar da nake tsayar da manyan motoci da ita a ƙofar kamfani. Da tsohuwar zuma ake magani. Ko rigar ce ta ruɗe su, ko furfurar, ban sani ba, amma hannu biyun duka suka tsaya cak.

"Juya," na ce wa mai aski.

Koren mutum ya fito. Ƙanena ya dubi dama, ya dubi hagu, ya sake duban dama, ya taka kan layi, ba sauri ba nawa, jama'a na biye da shi kamar rakiyar ango. Da ya isa tsallake, Maman Nas ta miƙe, ta buɗe ƙofar mota ta tura shi ciki da gwiwar hannu.

Sun isa ana shirin rufe kantar karɓar fasinjoji. An ce a filin jirgin ma ya ƙi yarda a wuce da shi gaban layi, sai da wata ma'aikaciya ta rantse masa cewa dokar wurin ce a fara da tsofaffi.

Bayan kwana biyu Nas ta kira ni da hantsi, tana dariya har da hawaye.

"Baffa, me kuka yi wa Baba? Tun daga filin jirgi yake gyara wa mijina tafiya. Jiya ya tsayar da wani ɗan gari ya nuna masa takardar da ta faɗo daga aljihunsa. Mutumin ya ba shi haƙuri sau uku."

Ta juya wayar. Ga shi zaune a kujera kusa da taga, benaye a bayansa har sama, jaririyar a kafaɗarsa, ya riƙe ta kamar gilashin da aka ba shi ya sa a firam. Ina kallo yarinyar ta yi gyatsa, ta kwararo masa tumbuɗi tun daga kafaɗa har aljihun ɓawon gyaɗa, saura ya ɗiga a ƙasa.

Ya daskare. Ya dubi ƙasa, ya dubi ƙofa, sannan ya dubi wayar.

"Yaya, ka gani?"

"Na gani."

"'Yar ƙasa ce fa. A nan aka haife ta."

"To me doka ta ce?"

Ya ɗan yi tunani, yana shafa bayanta da wannan babban hannun nasa mai kanta.

"Laifin farko ne," ya ce. "Maman Nas, miƙo min tsumma. Ni zan yi sharar."

Allon yana nan a bakin titi. Na je ɗauko shi washegarin tafiyarsu, na tarar mai lemo ya ɗaure shi da waya a jikin matacciyar fitila, mata uku da 'yan makaranta suna tsaye a gabansa, suna jiran wanda zai juya. Suka dube ni. Na ce musu ni na yi ritaya. Babu wanda ya motsa.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ƙarfe bakwai nake fita yanzu.